Yadda Ake Zaɓa wa Uwargida Kyamarar Fim Mara Nauyi Mai Saita Fokas da Kanta

Kyamarar fim mai saita fokas da kanta, wato mai auna nisan abin ɗauka don hoto ya fito tas, ita ce wadda za ka ga an rubuta AF a jikinta. Konica C35 AF ta 1977 ce ta fara shiga kasuwa, Canon ya biyo baya da AF35M a 1979, daga nan aka yi ta ƙera su har wajen 2005, lokacin da dijital ta karɓe kasuwa. Ke nan kusan duk wadda za ka samu yau ta hannu ce, ta shekara 20 zuwa sama da 40, kuma kamfanin da ya yi ta ya daina yi mata kayan gyara. Don haka abu biyu ne suka fi sunan kamfani da farin jini muhimmanci: kyamarar ta dace da hannun mai ita da irin hoton da take so, sannan ta kasance lafiyarta ƙalau. Da maigida ake magana a nan, amma idan uwargida ce ke nema wa maigida, matakan ba su canza ba.

Fara da mai kyamarar

Kuskuren da masu son kyamara suka fi yi shi ne su sayo wa iyali abin da su ransu ke so. Sai a kawo mai nauyi, mai madannai barkatai, a ɗauki fim ɗaya da ita, ta koma cikin durowa. Kafin ka duba kowace talla, ka san amsar tambayoyi huɗu. Me take son ɗauka: yara a tsakar gida, taron suna da biki a cikin ɗaki, ko tafiye-tafiye? A ina za ta riƙa sa kyamarar: cikin ƙaramar jakar hannu, ko ba ta damu da rataya ta a wuya ba? Tana sa tabarau? Tana son ta koyi sarrafa haske nan gaba, ko dai ta danna kawai hoto ya fito?

Maganar tabarau ba ƙarama ba ce. Ƙananan kyamarori da yawa tagar leƙensu 'yar mitsitsiya ce, mai tabarau ba ya ganin kusurwoyin hoton, sai ya yi ta yanke kawunan mutane. Idan da hali, a ba ta ta riƙe kyamarar ta leƙa kafin a biya kuɗi. Kyautar ba-zata tana da daɗi, amma a wannan harka riƙewar minti biyu ta fi ta amfani.

A kan nauyi, ga ma'aunin da za ka iya riƙewa. Ƙasa da giram 250 na shiga jakar hannu ba tare da an ji ta ba, kusan nauyin wayar hannu ce babba. Giram 300 zuwa 400 sai da igiyar ratayawa. Abin da ya haura giram 600 kuwa sai an yi niyyar fita ɗaukar hoto ake ɗaukarsa.

Tabbatar da fim, batir da mai wanki tukuna

Fim ɗin da ake nema shi ne mai faɗin milimita 35, wanda ake rubuta 135 a kwalinsa, mai hoto 24 ko 36. Nemo inda za ka riƙa sayensa, ka kuma nemo wanda zai wanke shi. Wankin fim mai launi sunansa C-41. Ka tambayi mai wankin kai tsaye ko yana yin C-41, ko yana mayar da hotunan cikin waya ko kwamfuta, kuma ko yana dawo da nagetif. Idan babu mai yi a garinku, ka san inda za a aika da kuɗin aikawar, ka haɗa lissafin fim ɗaya daga saye har wanki. Wannan lissafi shi zai nuna maka ko kyamarar za ta yi aiki ko za ta zama ado. A kuma sani cewa mai wanki yana ganin kowane hoto da ke kan fim. Ya kamata uwargida ta san haka tun farko, domin hotunan cikin gida ne za su fi yawa.

Batir iri huɗu ne suka fi yawa: AA, wato irin na rediyo da rimot babba, sai CR123A, CR2 da 2CR5. CR123A da CR2 duk bolt 3 ne amma girmansu ba ɗaya ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. 2CR5 bolt 6 ne, ya fi tsada da wuyar samu. Idan kana inda samun batirin litiyam ke da wahala, wannan kaɗai ya isa ya sa ka karkata ga mai cin AA, ko ka sayi guda uku ko huɗu lokaci ɗaya, tunda litiyam yana shekaru a ajiye bai lalace ba. Masu aiko da kaya daga waje galibi ba sa haɗowa da batir, don haka ka tanade shi kafin kyamarar ta iso.

'Yar aljihu ko mai cire ido

Gida biyu ne. Na farko ƙananan kyamarori 'yan aljihu, waɗanda idonsu, wato gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa, a manne yake. Na biyu kyamarorin SLR na roba na ƙarshen zamanin fim, waɗanda ake cire musu ido a sa wani.

A cikin 'yan aljihu, wadda ta fi suna ita ce Olympus mju-II ta 1997, wadda a Amurka ake kira Stylus Epic. Nauyinta giram 135 ba batir, idonta 35mm f/2.8 (ƙaramar lamba bayan f na nufin idon yana barin haske da yawa ya shiga), tana iya ɗauka daga nisan santimita 35, tana jure yayyafi, tana cin CR123A ɗaya. Murfin gabanta shi ne makunni: a zuge ta kunnu, a mayar ta mutu. Ga sauƙin aiki babu kamarta. Matsalarta farashi, domin farin jini ya ninka kuɗinta, kuma idan ta mutu da wuya a tashe ta. Yayarta mju ta farko ta 1991, mai ido 35mm f/3.5 da nauyin giram 170, tana yin kusan aiki ɗaya da kuɗin da bai kai haka ba. Yashica T4 mai idon Carl Zeiss Tessar 35mm f/3.5 tana ba da hoto mai kaifi, amma ita ma kuɗinta ya wuce aikinta. Pentax Espio Mini ta 1994 mai ido 32mm f/3.5 tana cikin wannan sahu. Contax T2 kuwa a bar wa masu tara kaya: ta kusa giram 300, ga tsada, kuma ita ma lantarki ce mai iya tsayawa kowace rana.

Ga mai tabarau, a duba Canon Prima AF-7, wadda ake kira Sure Shot Owl. Tagar leƙenta babba ce ƙwarai, tana cin AA biyu, ba ta da tsada. Idonta bai kai na waɗancan buɗewa ba, saboda haka takan nemi filasha da wuri, amma mutum yana ganin abin da yake ɗauka sarai. Nikon L35AF ta 1983 ma AA biyu take ci, idonta 35mm f/2.8 mai kyau ne, sai dai ta haura giram 300, motarta na da ƙara, kuma murfin batirinta yakan karye.

Sai masu zum, irin Olympus mju Zoom, Pentax Espio da Canon Prima Zoom. Su suka fi yawa a kasuwa, su suka fi araha, kuma mutane da yawa suna son jawo fuska kusa. Amma a karanta lambobin da ke zagaye da idon. Idan ka ga an rubuta 38-140mm, sannan lamba ta ƙarshe ta kai 11 ko 12, to idan aka miƙe zum ɗin gaba ɗaya hasken da ke shiga ya ragu sau 16 idan aka gwada da ido mai f/2.8. Abin da ke biyo baya shi ne kyamara ta daɗe a buɗe, hannu ya motsa, hoto ya fito dishi-dishi, filasha kuma ta kasa kaiwa. Idan zum ake so, a tsaya kan gajere, wanda bai wuce 70mm ko 80mm ba, a riƙa sa masa fim mai ISO 400, wato lambar da ke nuna saurin fim wajen kama haske. Ga kuma injin da ke tura idon waje yana dawo da shi: shi ne abin da ya fi saurin lalacewa, musamman inda ƙura take.

Gida na biyu mutane kan tsallake shi saboda kamanninsa, alhali a nan alherin yake. Canon EOS 300 ta 1999, wadda ake kira Rebel 2000 a Amurka da Kiss III a Japan, jikinta giram 335 ne kacal, tana cin CR2 biyu. A ɗaura mata EF 50mm f/1.8 II mai giram 130, ko EF 40mm f/2.8 STM mai giram 130 wanda yake shafal kamar faifai, duka-duka ba ta kai rabin kilo ba. A juya dayal ɗinta zuwa koren akwati, ta zama danna-kawai kamar 'yar aljihu, amma fokas ɗinta ya fi sauri, abin da aka gani a taga shi ne zai fito, kuma kuɗinta sau da yawa bai kai na mju-II ba. Idan yara masu guje-guje ne abin ɗauka, wannan ce shawarar da ta fi ƙarfi. EOS 300V ta 2002 ƙanwarta ce. A ɓangaren Nikon akwai F65 da F75, masu giram 395 da 380, duk CR2 biyu, su ma suna tafiya da AF 50mm f/1.8D mai giram 155. F80 ta fi su iya aiki amma ta kai giram 515, kuma robar mariƙinta takan yi danƙo. Minolta Dynax 5, wato Maxxum 5, giram 335 ce, ƙarama ce mai daɗin riƙo ga ƙaramin hannu, sai dai a leƙa tagarta da kyau domin wasu sun rine sun koma rawaya ko shuɗi. Jerin Pentax MZ suna da wani ɗan haƙorin roba a motar madubi da yake tsagewa da tsufa, kyamara ta tsaya cak, don haka sai an gwada sosai.

Idan kana da kyamarar dijital ta Canon ko Nikon a gida, ka duba idanunta kafin ka ce za su yi. Idon Canon mai rubutun EF-S ba ya hawa kyamarar fim, EF kaɗai ke hawa. Idon Nikon mai DX yana hawa amma yakan bar baƙi a kusurwoyi, mai AF-P kuma ba ya aiki da waɗannan tsofaffi. Nikon F55 ba ta saita fokas da ido mai AF-S.

Da yake kyamara ɗaya na da suna uku, ka nema da dukkansu: Canon Prima a Turai ita ce Sure Shot a Amurka da Autoboy a Japan, Pentax Espio ita ce IQZoom, Minolta Riva ita ce Freedom. Sau da yawa sunan da ba a san shi sosai ba ya fi sauƙin kuɗi.

Tarkuna uku

Na farko kyamarar APS. Wani nau'in fim ne da aka fito da shi a 1996, aka daina yin sa a 2011. Kyamarorinsa ƙanana ne kyawawa, wasu na ƙarfe, suna da arha, shi ya sa suke jan ido: Canon IXUS da ELPH na fim, Nikon Nuvis, Minolta Vectis, Kodak Advantix. Ba sa cin fim 35mm. Alamar gane su: ba su da babban murfin baya mai buɗewa, sai 'yar ƙofa a ƙasa inda ake zura kwanson fim. Kada ka saya ko da kusan kyauta ce.

Na biyu wadda aka rubuta wa Focus Free. Wannan ba ta saita komai, idonta a kafe yake a nisa ɗaya, duk abin da ya matso ƙasa da mita ɗaya da rabi sai ya fito a dushe. Kodak Ektar H35 ta wannan zamani haka take. Na uku sababbin da ake zaton AF ne. Pentax 17 ta 2024 sabuwa ce mai garanti, amma da hannu ake zaɓar mata nisa, da hannu ake ja mata fim. Rollei 35AF ta 2024 tana saita fokas da kanta, sai dai ita ma da hannu ake sa fim a ja shi a naɗe shi, ga tsada.

Duba lafiyarta

Je da sabon batir naka, da tocilan, da tsohon fim ɗaya da ka sadaukar don gwaji. Idan daga nesa kake saye, ka nemi bidiyon waɗannan matakai, ka kuma tabbatar ana karɓar mayarwa. Talla da ta ce ba a gwada ba, ka ɗauke ta a matsayin matacciya.

Buɗe gidan batir da farko. Farin gari ko kore-kore a kan ƙarfen alama ce batir ya taɓa zubewa. Idan sama-sama ne, auduga da ɗigon binega na gogewa. Idan ya ci ƙarfen ko ya gangara ciki, bar ta. Duba murfin gidan ko yana kamawa ba sai an ɗaure da salatif ba.

Sa batir ka kunna. Ido ya fito sumul, ba tsayawa, ba ƙarar gurzawa. Idan mai zum ce, kai shi ƙarshe ka dawo da shi sau biyar. Duba ɗan allon lambobi: kowace lamba ta fito cikakkiya, ba baƙin tabo. Ricoh GR1 ta shahara da mutuwar wannan allo, Konica Big Mini kuma da tsinkewar siririyar wayar da ta ratsa ta maƙalar murfin baya, wadda idan ta tsinke madannan baya su daina aiki.

Buɗe murfin baya, haska tocila ta gaban idon, ka leƙa ta baya. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo fari kuma yana kashe kaifin hoto. Duka biyun a bar su. Taɓa baƙin soson da ke gefen murfi da wanda ya kewaye 'yar tagar ganin fim. Idan ya manne a yatsa ko ya marmashe, haske zai shiga. Wannan kam ana gyarawa da sabon soso mai kaurin milimita 1 zuwa 2, amma dalili ne na rage kuɗi. A gurbin kwanson fim akwai ƙananan fil-fil na ƙarfe masu karanta lambar DX, wato tsarin da Kodak ya fito da shi a 1983 don kyamara ta gane ISO da kanta. Su kasance masu sheƙi, suna lotsawa suna dawowa. Idan SLR ce, dubi labulen shata, wato wanda ke buɗewa haske ya faɗa kan fim, ba tare da ka taɓa shi ba. Baƙin maiƙo a kansa, wanda aka sani a tsofaffin EOS irin 650 da 1000, wata roba ce ta narke a ciki, kuma tana sa hoto ya fito rabi baƙi.

Yanzu sa fim ɗin gwaji. Ja bakinsa zuwa alamar da ke ɗaya gefen, rufe murfi. Mota ta ja, lamba ta nuna 1. Idan E ko 0 ke ƙiftawa, bai kama ba, sake sawa. Kada ka firgita idan EOS 300 ta yi ta gudu ta tsaya a 24 ko 36: ita takan zare fim ɗin duka tun farko, tana mayar da kowane hoto cikin kwanso bayan an ɗauka, lamba na raguwa. Amfanin haka shi ne idan aka buɗe murfi bisa kuskure, hotunan da aka riga aka ɗauka sun tsira. Ɗauki abu a nisan mita ɗaya, sannan abu mai nisa, kana kallon idon: ya kamata tafiyarsa ta bambanta. Shiga inuwa ka gwada filasha, ka ƙirga daƙiƙun da take yi kafin ta sake shiri. Da sabon batir bai kamata ta wuce daƙiƙa 10 ba. Idan filasha ta mutu a 'yar aljihu, a bar ta, domin wasu ba sa yarda su ɗauka a duhu sai ta cika. Kuma kada a kwance kyamara don gyara ta a gida: ma'ajiyar wutar filasha tana riƙe bolt wajen 300 ko bayan an cire batir. Daga ƙarshe ƙarasa fim ɗin, ka ji ta naɗe shi har ƙarshe ba tare da ta sare a hanya ba.

Idan tana buga kwanan wata a hoto, kashe shi. Kalandar da yawa daga cikinsu ta ƙare a 2019.

Fim ɗin farko kai za ka ɗauka

Kada ranar suna ko biki ta zama ranar gwaji. Sa sabon fim mai hoto 24, Kodak Gold 200 ko UltraMax 400, ka ɗauke shi cikin kwana biyu da tsari: mutum a mita 1, a mita 2, a mita 4, sai gini mai nisa, uku a ɗaki da filasha, biyu rana na bayan mutum, idan da zum, kowane a farkonsa da ƙarshensa. A tsakiyar fim ka ajiye kyamarar a hasken rana minti biyu ko uku, kana juya ta, don yoyon haske ya bayyana.

Idan an wanke, ɗaga nagetif ɗin ga haske, kada ka tsaya ga hoton waya kawai. Jan ko ruwan lemon zane a hoto, wanda a nagetif ya tsallaka har gefen ramuka, haske ne daga murfin baya. Da'irar haske ko baka a hoto, musamman a masu zum, daga zoben idon ne, kuma gyaransa wuya gare shi. Dogon layi miƙaƙƙe da ya ratsa hotuna da yawa tsakuwa ce ko ƙura a hanyar fim. Hotuna na hawa kan juna, motar ja ce ta gaji. Idan duk na kusa sun dushe na nesa sun fito, fokas ya mutu, a mayar da ita.

Abin da za a nuna mata ranar miƙawa

Abu mafi muhimmanci shi ne rabin dannawa. Yawancin 'yan aljihu suna auna abin da ke tsakiyar taga ne kawai. Idan mutum biyu suka tsaya gefe da gefe, tsakiyar ta faɗa kan bangon da ke bayansu, sai bango ya fito tas su kuma a dushe. Maganinsa: ɗora alamar tsakiya a kan fuskar ɗaya, danna madanni rabi har koriyar fitila ta tsaya, riƙe a haka, gyara tsayuwar hoton, sannan ƙarasa dannawa. Idan fitilar na ƙiftawa, an matso da yawa, a ja baya taku ɗaya. A yi wannan sau goma ba fim har yatsa ya saba.

Yawancin 'yan aljihu da hasken infrared, wanda idon mutum ba ya gani, suke auna nisa, ta wasu ƙananan tagogi a saman ido. Yatsa ko gefen mayafi ya rufe su, fokas ya ɓace. Haka kuma ta gilashin mota ko taga, gilashin za su auna. A nan sai a danna alamar tsauni idan akwai, wadda ke kafe fokas a nesa.

Sai filasha. Da fim mai ISO 100, ta 'yar aljihu mai f/2.8 ba ta wuce kimanin mita 4, ISO 400 kuma yana ninka wannan nisa sau biyu. Masu zum ba sa kai haka. Saboda haka amarya a can ƙarshen zaure ba za ta fito ba, sai an matsa. Kyamarori da yawa, har da mju-II, suna mayar da filasha kan otomatik duk lokacin da aka kashe aka kunna, don haka wurin da ba a son walƙiya sai an sake kashe ta kowane karo. Da rana tsaka kuma filasha na da babban amfani a wajenmu. Idan mutum baƙi ne ko wankan tarwaɗa, ya sa farar shadda, ko yana ƙarƙashin rumfa haske na bayansa, ma'aunin kyamara yakan bi farin ya rage haske, fuska ta nutse. A tilasta filasha ta tashi, alamar walƙiya ita kaɗai, daga nisan mita 2 zuwa 3, fuska za ta fito da kamanninta. Fim mai launi yana jure ƙarin haske fiye da ƙarancinsa, shi ya sa ISO 400 ya fi zama lafiya ga mai farawa ko da rana. A SLR ana iya ƙara +1 a ma'aunin haske don wannan dalili.

Na huɗu: ba a buɗe murfin baya sai lamba ta koma 0 ko E kuma mota ta yi shiru. Inda akwai yara, a manna ɗan salatif a kan makullin murfin. Idan batir ya mutu ana cikin naɗewa, a sa sabo, a danna ɗan madannin naɗewa da bakin biro, kada a buɗe a ja da hannu.

Zafi, ƙura da tafiya

Zafi ne babban abokin gabar fim. Mota da aka rufe a rana a watan Afrilu tana iya ɓata launin fim cikin yini ɗaya, ya koma ja-ja ko kore-kore, ta kuma narkar da soson murfi. Fim da ba a buɗe ba a ajiye shi cikin robarsa a wuri mafi sanyi a gida. Idan a firiji ne, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe robar, don kada raɓa ta kwanta masa. Wanda aka gama ɗauka a kai shi wanki cikin makonni kaɗan. A duba ranar ƙarewa a kwali. Fim da ya wuce lokaci kuma ya sha zafin shago ba abin sayen mai farawa ba ne.

Lokacin hunturu kyamara ta zauna cikin jaka mai zif, a sa fim a cire a cikin ɗaki. A hure ƙurar ido da 'yar robar hura iska kafin a goge, domin goge ƙura da gefen zane yana karce gilashi. Da damina kuma kada a kulle ta a akwati mai danshi, a sa mata ƙullin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Idan mai cin AA ce, a sa alkalin, ba batirin tocila mai arha ba, wanda ba ya iya cika filasha kuma yana saurin zubewa. Za a yi wata ba a taɓa ta ba, a cire batir.

Idan tafiyar jirgi ta kama, fim ya zauna a jakar hannu, kada ya shiga babban akwati, domin na'urar da ke duba manyan kaya tana ƙona shi. Sababbin na'urorin CT da wasu filayen jirgi suka sa wa jakar hannu su ma suna ɓata fim ko da wucewa ɗaya ne. A cire fina-finan daga kwali, a zuba su a farar leda mai nuna ciki, a roƙi jami'i ya duba da hannu, kyamarar kuma a wuce da ita babu fim a ciki.